Sunayen da na rufe a cikin salula

Shekarar da sojoji suka karɓi mulki a Yamai, aka rufe iyaka da Najeriya, wuta ta ɗauke a Madawa har masu sayar da ruwan sanyi suka koma tallar goro, a cikin wannan damina ce ɗana na fari ya aiko mini da salula daga Abijan. Wani ɗan garinmu da ya dawo gida noma ya kawo ta, naɗe cikin safa a ƙasan jakarsa. Baƙa ce sumul, ba maɓalli a fuskarta. Ya ce irinta sai hannun manyan 'yan kasuwa, ko da yake wani ya riƙe ta kafin ta zo gare ni. Na gode wa Allah, na sa wa ɗana albarka, na ajiye ta a kan littattafaina, ban san abin da zan yi da ita ba.

Ni limamin ƙaramin masallaci ne a wani ƙauye da ke gindin dutse, tsakanin Buza da Karofane. Ban shiga lakwal ba, wato makarantar boko. Ajami na gada wurin mahaifina, da shi na rubuta wa mutane saƙo zuwa ga 'ya'yansu da ke bida, wato ci-rani, a ƙasashe, tun ana kai takarda da hannu. A 'yan shekarun nan hannuna na dama ya soma rawa. Idan na ɗora alƙalami a kan takarda, sai baƙi ya hau kan baƙi, ɗigo ya faɗa inda ba wurinsa ba. A kan allo kaɗai nake iyawa, shi ma da manyan baƙaƙe irin na wanda aka fara wa karatu. Da ban damu ba, tsufa ne, kowa da inda yake kama shi. Abin da ya hana ni sakewa wani nauyi ne da ke wuyana tun ina saurayin magidanci.

Ina da aboki a garin, ya ɗan girme ni, gidansu yana gefen yamma inda duwatsu suka fara. Gidan Azna ne tun asali, masu addinin gargajiya. Mahaifinsa ne ke buɗe daji a zamaninsa, shi ake jira kafin kowa ya sa shuka. Shi abokin nawa ya musulunta tun da ƙuruciya, kuma ban taɓa juyowa bayan sallama ban gan shi a sahun farko ba. Amma abin da aka zuba masa a ka yana yaro bai zube ba. Ya san sunayen kakanninsu tun daga wanda ya sauko daga kan dutse ya sari gonar farko, kowa da kirarinsa, da matan da suka haife su, da rijiyar da kowa ya gina, da itace ko dutsen da ya raba gonar wane da ta wane. Idan rikicin iyakar gona ya tashi, shi maigari ke aikawa a kira.

A babbar yunwar da ta biyo bayan fari, wannan ɗa nawa na Abijan yana goye, rumbuna ya ƙare tun sanyi bai fita ba. Matata ta fara jiƙa anza, 'ya'yan itacen daji masu ɗaci da sai yunwa ke sa a ci. Wata safiya abokin nan ya shigo da jaki, ya sauke hatsi a tsakar gida, ya juya bai ko zauna ba. Haka ya riƙa yi har ruwa ya sauka aka ci sabo. Da Allah ya kawo shekara mai albarka, na ɗaura dammai a jaki na kai masa. Ya tare ni a ƙofar gida.

"Minene wanga, mai tawada?"

"Hatsinka ne."

"Hatsina an daka, an sha hura, ya wuce. Mai da abinka. Kai da alƙalami za ka biya ni. Ran da na ce maka lokaci ya yi, ka zamna ka rubuta mini mutanena kada su ɓace."

Duk shekarar da aka samu sai in sake gwadawa, shi kuma ya koro jakin da kayansa. Abin har ya zama na dariya a garin, a ce jakin Liman ya tafi gaisuwar kaka. Idan na ce masa to mu zauna mu rubuta, sai ya ce tukuna, ai yana da mai ɗauka a ka. Yana da ɗa mai natsuwa da yake koya wa. Ɗan nan ya bi motar Agadas zai shiga Libiya, ya rasu a hanya, Allah ya jiƙansa. Sauran maza na gidan, 'ya'ya da jikoki, duk suna waje, sai 'yarsa babba da ke kula da shi. Bayan an share makoki ya shigo zaurena ya ce, "Malam, lokaci ya yi." Na ɗaga masa hannuna ya ga yadda yake kaɗawa.

Mijin 'yata mushe ne, kamar yadda muke kiran malamin boko, yana koyarwa a lakwal a Buza. Ya zo gaishe ni bayan girbi, ya ga salula kwance kan littattafai tana shan ƙura, na kuwa ba shi labarin damuwata. Ya ce ai yanzu ana rubuta ajami a salula, kuma ba sai hannu mai tsayuwa ba, yatsa ɗaya ya isa. Ya ce hanya biyu ce. Akwai abin da suke kira aplikasiyo, ana sauke ta daga kantin masu salular, ta zauna a cikinta. Akwai kuma shafi na intanet, shi ba ya zama cikin salular kowa, zuwa ake yi a same shi da adireshinsa ta kowace irin salula.

"Baba, bari in kwatanta maka," in ji shi. "Ta hwarko gida ce mai katanga da mai gadi. Tsab take, ba ɓarawo, ba akuya. Amma gidan haya ne, makulli na hannun mai shi. Na biyu rumhwa ce ta kasuwa. Iska na shiga, ƙura na shiga, mutane na wucewa. Sai dai ba mai iya kulle maka ita."

Shi rumfar yake so. Muna cikin haka ɗana ya kira, mushe ya buɗe muryar kowa ya ji.

"Baba, kada ka biye wa mushe," in ji ɗana. "Shi komi na banza yake so, albashi bai kai ba. Wagga salula da na sai maka ba a zuba mata shara. Duk abin da ke kantinsu sai sun bincike shi kahin su bari ya shiga."

"Yaya," in ji mushe, "tambaye su mana, in sunka kori ɗan haya, ina kayan baƙonshi ka zuwa?"

"Kai dai tahi ka koya wa ɗiyan mutane a-be-se."

Na ce su bar musu, a gwada mini duka biyu a gaban mai abin.

A garinmu kiran waya kan shigo, amma rezo na intanet ba ya sauka cikin gidaje, sai an hau tudun da ke bayan maƙabarta. Muka hau mu uku, abokina yana dogara sanda yana ƙunƙuni cewa kakanninsa sun sauko daga dutse don su huta, ga shi an mai da shi. Shafin ya daɗe kafin ya buɗe. Da ya buɗe na ga baƙaƙen irin na littattafan da ake bugowa daga gabas ne, fa da ɗigo a sama, ƙaf da ɗigo biyu. Na ce wannan zan iya haƙuri da shi. Ina cikin laluben baƙi na farko sai hoton wata mace ya faɗo tsakiyar shafin, da tufafin da ba su kai a kira su tufafi ba, tana kiran mutane cacar ƙwallo. Na kau da kai ina neman tsari. Abokina kuwa ya matso da fuska.

"Malam, wagga ma cikin kakannina take? Ban san da ita ba."

"Ji tsoron Allah, tsohon banza."

"Yo ni na kira ta? Surukinka ya kawo ta."

Mushe ya rufe hoton kunya ta kama shi. Daga nan abokina ya bar wasa, ya tambaye shi ko wanda ba na gidansu ba yana iya ganin abin da aka rubuta a nan. Mushe mutum ne mai gaskiya. Ya ce wanda ba shi da adireshin ba zai gani ba, amma adireshi abin turawa ne, yana fita daga wannan hannu ya shiga wancan. Abokina ya girgiza kai. A cikin kakanninsa akwai waɗanda suka yi hulɗa da iskoki, kirarinsu ma yana faɗin haka, kuma ba a ambaton su a gaban bare. Ni ma, a matsayina na mai jan salla, ban so rubutun hannuna a kan irin wannan ya riƙa yawo a salular samari ba.

Sai mushe ya sauke aplikasiyon daga kanti, muka sauko gida. A zaure na buɗe ta, ba rezo, ta buɗe. Da na taɓa baƙi na farko, sai na ga kamar hannun mahaifina ne ya fito a kan gilashin. Fa da ɗigonta a ƙasa, ƙaf da ɗigo ɗaya, wasali ja, baƙaƙenmu na Hausa da Larabci bai san su ba duk suna nan. Ba hoto, ba kira, ba kowa. Salular kanta ba ta buɗewa sai ta ji babban yatsana.

"Wa ka iya gani?" in ji abokina.

"Ba kowa."

"To nan za mu sa su."

Ba zan zalunci gidan nan mai katanga ba, Allah yana gani. Duk abin da ɗana ya faɗa a kansa gaskiya ne. Tsawon lokacin da na yi a cikinsa ban ga abin ƙi ba, bai ci mini kuɗin forfe na shiga intanet ba, bai taɓa ɓata mini baƙi ba.

Mushe ya ce tun da salular na ɗaukar murya, tsoho ya faɗi kawai a ɗauka, a huta. Abokina ya ƙi ƙememe. Ya ce suna idan an faɗe shi da baki, kira ne, mai shi yana ji. Ba zai yarda wani yaro ya latsa ƙarfe a tashar mota ya riƙa kiran matattun gidansu suna juyowa ba. Rubutu kuwa barci suke a cikinsa, sai wanda ya zo da ladabi ya tashe su.

Muka shiga aiki da rani. Da hantsi nakan ɗauki allo da tawada in nufi gidansa. 'Yarsa ta shimfiɗa mana tabarma a inuwar rumbu, ta kawo fura ta koma ciki, don akwai abin da ba a faɗa a gaban mata. Yakan rufe ido ya fara, ni ina bi da alƙalami a kan allo da manyan baƙaƙena masu rawa. Ba ya jurewa a tsayar da shi tsakiyar kirari, shi ya sa ban iya bin sa da salula kai tsaye ba, yatsa ɗaya ba ya kamo baki. Idan allo ya cika ciki da baya, sai ya jingina ya ci goro, ni kuma in kwafe cikin salula, baƙi bayan baƙi. In karanta masa, ya gyara, in sake karantawa har ya ce haka ne.

Daga nan sai in wanke allon.

Haka aka koya mini, haka na koya wa wasu. Karatu idan ya zauna, ana wanke allo a rubuta na gaba. Ba a barin rubutu mai daraja a jingine, kaji su bi ta kai, yara su ɗauka. Nakan wanke a cikin ƙwarya, in zuba ruwan a gindin magaryar gidansa inda ƙafa ba ta takawa. Wata rana ya miƙo hannu ya ce, "Ba ni in sha, ai mutanena ne." Na ce masa rubutun sha na marasa lafiya ne, shi kuwa bakinsa kaɗai ke ciwo. Muka yi dariya har 'yarsa ta leƙo.

Mushe ya same mu a kan aikin sau da yawa. Ya taɓa cewa, "Baba, ka ɗauki hoton allon kahin ka wanke." Na ce hotuna su ne abin da jikokina ke fara buɗewa idan na ba su salula su ga 'yan uwansu na Abijan. Ya duba cikin aplikasiyon ya ce ba ta da hanyar fitar da rubutu waje, abin da ya shiga ya shiga. Ni kuwa a lokacin wannan ne na ɗauka babbar falalarta. Ya ce, "In mai ita ya mutu hwa?" Na ce masa ai kanti yana nan. Ya miƙo mini salular da ladabi irin na suruki. Shirinmu shi ne, idan babban jikan abokina ya dawo daga Libiya, wanda ya yi karatun allo a wurina kuma hannunsa lafiya lau, a zaunar da shi ya kwafe duka a takarda, ya adana a gidansu.

Mun gama ana ganin hadari na farko a gabas. Ranar da na karanta masa na ƙarshe, wato mahaifinsa, ya saurara har na kai ƙarshe. Sannan ya ce, "Saura yaron ya zo ya ɗauka, ka hita bashina." Na ce jakina zai yi kewar hanyar gidansa.

Damina ta sauka da ƙarfi a shekarar, katangu suka zube, kowa ya shiga gona da gyaran gida. Ban sake buɗe rubutun ba, ba abin da zan ƙara. Salular na aljihuna, idan na hau tudu sai ta cika da bidiyon jikokina, suna rawa, suna cin shinkafa, suna ce mini Kaka. Ban iya gogewa ba, ban kuma so ba.

Ana cikin noman maimai aka ɗauko abokina daga gona a kan amalanke. Hawan jini ne. A likita ta Buza, wato asibiti, aka ceto ransa, amma ɓarinsa na dama ya shanye, harshensa ya yi nauyi. Aka kira jikan, ya baro aikinsa ya taho. Washegarin zuwansa na kira shi zaurena, na ba shi takarda mai kyau da alƙalami, na ciro salula.

Alamar aplikasiyon tana nan inda take, amma ta yi fari-fari kamar tufar da ta sha rana, da ɗan zanen gajimare a gefenta. Na taɓa, ba ta buɗe ba. Muka hau tudu, na taɓa, wani rubutu na Faransanci ya fito. Jikan ya karanta ya ce bai gane ba. Na aika aka kira mushe. Ya hau moto ya zo, ya karanta, ya sake karantawa, ya zauna a kan dutse.

Ya ce da salular ta cika, ita da kanta ta duba abin da aka daɗe ba a buɗe ba, ta cire shi don ta sami wuri, da nufin idan an nema ta sake ɗauko shi daga kanti. Dabara ce ta masu ita, don sauƙaƙa wa mutane. To a tsakanin nan an fitar da aplikasiyon daga kantin. Ko mai ita bai sabunta ta yadda suke so ba, ko bai biya abin da ake biya ba, ko ya mutu, rubutun bai faɗa ba. Cewa kawai ya yi babu ita.

"Rubutuna hwa?"

"Shina ciki, Baba. Ba a goge shi ba. Abin buɗe shi ne babu."

Ranar kasuwa na shiga mota zuwa Madawa, wurin wani mai gyaran salula kusa da tasha, wanda aka ce ba abin da ke gagarar sa. Ya karɓa, ya jona ta da na'urarsa, ya daɗe yana dubawa. Ya ce, "Baba Malam, da irin tamu ce ta talakawa, da yanzu na nemo maka wanda ke da ita a tashi salula, mu ɗebo kamar yadda mata ka ɗibar wuta gidan maƙwabta. Wagga ba ta amsar komi hannun kowa sai kantinsu." Na ce ya fasa ƙofar. Ya ce yana iya gwadawa, amma irin wannan idan ta ji ana taɓa ta da ƙarfi takan share duk abin da ke ciki, kuma shi ba zai ɗauki alhakin ba. Ya miƙo mini ita da hannu biyu, bai karɓi ko dala ba. Ɗana ya rubuta wa masu kantin daga Abijan. Suka amsa da ladabi cewa wannan magana ce tsakaninmu da wanda ya ƙera aplikasiyon. Ya rubuta wa shi wannan, har yau ba amsa. Ɗana ya kira ni yana kuka, na ce masa alheri ya yi niyya, Allah ya ba shi ladansa.

Na dawo ga kaina, na ce ai ni mahaddaci ne. Na zauna a zaure na rufe ido. Farkon ya zo, wanda ya sauko daga dutse da 'ya'yansa. Daga nan sai abin ya yayyage. Suna ya zo ba kirari, kirari ya zo ban san na wa ba ne, rijiya ta zo ba mai ita. Alƙur'ani ya shiga kaina ina yaro, da tilawa safe da yamma, kuma ba a wanke mini allo sai na kawo hadda. Waɗannan kuwa ban ba su wuri a kaina ba. Na wanke su ne don na ga sun zauna a gilashi.

Na je na gaya wa abokina, don ba abin ɓoyewa ba ne. Yana jingine da bango, an tokare shi da matashi. Ya saurara har na gama. Na ce mu sake, a hankali, in faɗi abin da na tuna shi ya cike. Na fara. Idan na faɗi daidai sai ya lumshe ido. Idan na kuskure sai ya buga tabarma da hannun hagu, ya buɗe baki, sunan ya taho har bakin harshe ya tsaya. Ina ganin sa a idonsa. Ya yi ta kokawa da shi, miyau na zuba, jijiyar wuyansa ta tashi, abin da ya fito ba suna ba ne. 'Yarsa ta fito ta ce, "Baba Liman, don Allah a bar shi haka nan." Mun sake gwadawa a wasu ranaku, har na lura ya daina buga tabarma ko da na kuskure da gangan. Jikan ya kwafe ɗan abin da na tuna, bai cika takarda biyu ba, kuɗinsa suka ƙare ya koma.

Mushe bai taɓa ce mini ai na faɗa maka ba, Allah ya yi masa albarka. Shi ya ba da shawara a sa guntun da ya rage a shafin nan na intanet, a cire abin da ba a faɗa wa bare, don sauran jikokin da ke warwatse su gani. Abokina ya ɗaga kai alamar ya yarda, ko kuwa ya gaji ne, ban sani ba. Na hau tudu na rubuta, matan caca suna faɗowa ina kau da kai. Ya kuwa buɗe a Abijan, ya buɗe a Agadas, ya buɗe a wata tsohuwar salula mai fasasshen gilashi a garinmu. Ɗaya daga cikin jikokin ya aiko da murya yana cewa a tasa salular wasu baƙaƙen sun zama 'yan akwatuna, sunayen duk huji ne. Wani ya ce shi boko ya iya.

Na yi ta juya maganar nan a raina, a kan buzu bayan salla da kan hanyar gona. Da na bi mushe tun farko, da ƙura ta shiga, da wataƙila wani ya gani ya yi da ni a bakin kasuwa, amma da sunayen suna nan. Talaka irina, wanda ba a san da garinsa ba a inda ake ƙera waɗannan abubuwa, rumfar da ba ta kulluwa ta fi masa. Na gaya wa mushe haka. Bai yi murna ba. Ya ce shafin ma na wani ne, wani ke biyan kuɗin wurin da yake zaune, ran da ya gaji zai ɗauke rumfarsa. Na ce to ina ne namu? Ya ce bai sani ba.

Salular tana nan wurina. Ina kai ta sharji wurin mai sola, ba na barin ta mutu, ba na yarda a taɓa alamar nan mai gajimare. Mutanen gidan abokina duka suna cikin aljihuna, ina shiga masallaci da su ina fita da su. Wani lokaci idan na hau tudu nakan taɓa, ko Allah ya sa an mai da ita kanti. Rubutun Faransancin nan ne ke fitowa, har na san kamanninsa ba tare da na iya karanta shi ba.

Da kaka ta yi, na sa aka ɗaura mini hatsi mafi kyau na gonata, na kora jaki zuwa yamma. Mutanen da ke zaune bakin masallaci ba wanda ya yi dariya. Na yi sallama, 'yarsa ta amsa, ta ga kayan ta tsaya. An fito da shi inuwar rumbu yana shan iska. Na durƙusa na gaishe shi, ya daɗe yana kallon jakin.

"Baba," in ji 'yar, "a mai da, kamar kullum?"

Ina jira ya kore ni. Wallahi ban taɓa son a kore ni kamar ranar ba, don muddin yana koro jakin, yana sa ran wani abu a wurina. Ya ɗaga hannun hagu a hankali, ya nuna bakin rumbu.

'Yar ta kwance igiya. Na kama mata muka sauke, hannuna na rawa, zangarniya na zubewa ƙasa kaji na tsinta. Da muka gama na koma na zauna kusa da shi. Ya kamo gefen rigata, ya ja ni har kunnena ya zo daidai bakinsa. Ya daɗe yana haɗa maganar.

"Ka biya, mai tawada," in ji shi.